Malama ta tafi haihuwa, wa zai riƙe mata aji?

Jawabi zuwa ga ɗaliban yaƙi da jahilci na gundumomin Magarya da Dungas



Yau ba maganar iri ko taki na kawo muku ba. Magana ce da ake yi a gindin itace da bakin rijiya, daga Bande har Malawa, daga Washa har Dogo-Dogo. Ga yadda take: "An aiko mana malama. Ba ta cika shekara ba ta tafi haihuwa. Aji yana rufe, yara suna yawo. Gobe idan za a aiko mana, a aiko namiji."

Mai faɗin haka ba ƙarya ya yi ba. Lakwal tana buɗewa a watan Oktoba, ta rufe a watan Yuni. Wata uku cikin wata tara, kashi ɗaya ne cikin uku na karatun yaro. Uban da ya hana ɗansa kiwo don ya je lakwal, dole ransa ya ɓaci. Amma kafin mu yanke hukunci, mu ji abin da doka ta ce.

Dokar ƙwadago ta ƙasarmu Nijar, ta ranar 25 ga Satumba 2012, ta ba mace ma'aikaciya hutun haihuwa na sati 14 a jere. Sati 6 kafin ta haihu, sati 8 bayan ta haihu. Ku da kuka koyi lissafi, ku ɗauki alli. Sati 14 kwana 98 ke nan. Sati 8 na bayan haihuwa kwana 56 ne, wato kwana arba'in na jego da muka gada, da ƙarin kwana 16. Ashe doka ba ta zo da baƙon abu ba. Kakanninmu sun san mai jego ba ta daka, ba ta zuwa rijiya. Idan kuma ciki ko haihuwa sun bar mata ciwo, likita ya shaida a takarda, ana ƙara mata sati 3.

Cikin wannan hutu, mai aiki ba shi da ikon korarta. Wurinta yana jiranta. Idan ta dawo, tana da awa ɗaya kowace ranar aiki don ba jariri nono, har ya cika wata 12. In kun ga malama ta fita aji da hantsi ta nufi inuwa wajen mai raino, kada ku ce ta gudu daga aiki.

Sai maganar kuɗi. Cikakkiyar ma'aikaciyar gwamnati tana karɓar albashinta duka. Wadda ke aiki a kamfani ko wajen wani mai zaman kansa, asusun ma'aikata da ake kira CNSS, wanda aka kafa a 1965, shi ke biyanta rabin albashi. Ga misali: tun 2024 albashi mafi ƙanƙanta a ƙasar nan jika 42 ne a wata. Mai wannan albashi za ta samu jika 21 daga asusun. Kun ga ba arziki take yi da hutun ba, ga hidimar suna a gabanta. Kuma asusun ba ya biyan wadda bai san da ita ba. Tun ranar da kika kama aiki, ki tambaya ko an rubuta sunanki a CNSS. Kada ki bari sai ciki ya tsufa. Malamai ƴan kwantaragi kuma, waɗanda su ne da yawa a ƙauyukanmu, kowace ta ɗauki takardar kwantaraginta ta je wajen shugabanta tun da wuri, su karanta tare, ta san matsayinta.

Ba mu kaɗai ke da wannan tsari ba. Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya ta tsayar da sati 14 a yarjejeniyarta ta shekarar 2000, a kan cewa kada wata ƙasa ta ba da abin da ya gaza haka.

To, ajin fa? Nan ne aikinmu yake.

Haihuwa ba gobara ba ce. Tana ba da sanarwa wata da watanni. Abin da ke rufe aji shi ne shiru. Malama tana jin kunya, musamman in cikin fari ne, ba ta faɗa wa kowa ba. Darakta namiji ne, yana gani, shi ma yana jin nauyin tambaya. Iyayen yara suna gani, sun yi gum. Sai ranar da ta ɗaura kaya, sannan kowa ya fara kuka. Kunya abu ne mai kyau, ba na hana ku. Amma takarda ba ta jin kunya. Ƴar uwa, in bakinki ba zai iya faɗa ba, ki karɓi takardar awon ciki a gidan likita, ki rubuta ranar da za ki tafi da ranar da za ki dawo, ki miƙa wa darakta. In da hali, wata uku kafin tafiyarki.

Daga nan darakta ya sanar da manyansa a Magarya ko Dungas, ya nemi mai canji. Zan faɗa muku gaskiya, malamai ba su ishi ƙasar ba, ba kullum ake samun mai canji ba. Saboda haka kwamitin lakwal, wanda kuke kira Kojes, ya zauna tun kafin lokaci. Ana iya haɗa aji biyu a hannun malami guda. Ana iya raba yini, wasu da safe, wasu da marece. In haɗa ajin ya sa ɗaki ya yi kaɗan, gari ya fito ya kafa babbar rumfa ta kara, aikin yini ɗaya ne. Malama kuma kafin ta tafi ta bar littafinta a rubuce: ga inda muka tsaya a karatu, ga inda muka tsaya a lissafi, ga yaran da ke buƙatar a riƙa duba su. Ku iyaye, ku ci gaba da turo yara kowace safiya. Yarinyar da ta zauna gida wata uku, ta kama talla, da wuya ta koma.

Haka nan gidan likita. In ungozomar gwamnati ta tafi nata hutun, kwamitin lafiya ya tambayi shugaban gidan likita wa zai riƙa karɓar haihuwa, a sanar a masallaci da wajen suna. A san kuma amalanken wa ko motar wa za a nema in naƙuda ta zo da gardama cikin dare.

Masu cewa a daina aiko mata, ku yi tunani. Wane ne cikinku ke son namiji ya karɓi haihuwar matarsa in da mace? Kuma uwaye nawa suka yarda suka bar ƴaƴansu mata a lakwal saboda sun ga malama mace a ciki? Ungozoma da malama daga lakwal suke fitowa. In muka kori ta yau da gunaguni, ba mu da ta gobe.

Maza, ban manta da ku ba. Ma'aikaci in matarsa ta haihu, kwana ɗaya tak yarjejeniyar ma'aikata ta 1972 ta ba shi. A ganina ya yi kaɗan, ko zuwa gaya wa dangi bai isa ba. Wanda ke son ya tsaya har suna, ya nemi izini tun da wuri, ya shirya da abokin aikinsa, kada ya ɓace kawai.

Amma yawancinmu a nan manoma ne. Matanmu ba su da albashi, ba su da CNSS, ba takardar da za su miƙa wa kowa. Hutunsu yana hannun maigida. A 2008 aka fara makarantun mazaje a nan yankunan Magarya da Matamai, inda magidanta ke zama suna shawara kan awon ciki da haihuwa a gidan likita. Daga nan abin ya bazu cikin ƙasa, har wasu ƙasashe suka ɗauka. Tunda a gidanmu aka fara, kada a riga mu. Idan haihuwar matarka za ta faɗo lokacin noma ko girbi, ka shirya tun bazara: wa zai nome mata gamanarta, wa zai ɗebo ruwa da itace, wa zai yi daka. Ka tanadi hatsi da kanwa na kunu. In hannu bai isa ba, ka kira gayya.

Wadda aka kora daga aiki saboda ciki, ko aka hana ta komawa wurinta, ta kai ƙara biron masu kula da ƙwadago a Damagaram. Ta tafi da takardar ɗaukarta aiki, da takardar likita, da takardar haihuwar jariri. Wannan ta ƙarshe a ma'aikatar magajin gari ake yinta, kada a yi jinkiri bayan suna.

Yanzu mai tambaya ya ɗaga hannu. Mata su fara.