Ƙuri'ar Da Muke Rainawa



Mun tsaya gabanku yau ne domin mu yi magana a kan ƙuri'ar da yawancinmu ke rainawa, wato ta zaɓen Majalisar Dokokin Jiha. Da zarar an kaɗa gangar siyasa, sai muhawara ta kaure a ɗakunan kwananmu kan wanda zai zama shugaban ƙasa ko gwamna, amma kaɗan ne cikinmu za su iya faɗin sunan wakilin mazaɓarsu. Tarihi kuwa ya nuna wannan sakaci ne babba.

A watan Yuli na 1979 aka yi zaɓen majalisun jihohi, mako guda kafin na gwamnoni. A tsohuwar Jihar Kaduna, wadda ta haɗa da Katsina, jam'iyyar NPN ta kwashe kusan kashi biyu cikin uku na kujeru 99, sa'an nan jama'a suka juya suka zaɓi Alhaji Abdulƙadir Balarabe Musa na PRP ya zama gwamna. Majalisa ta yi ta ƙin amincewa da sunayen kwamishinonin da ya miƙa mata, har ya yi mulki ba tare da su ba. Ranar 23 ga Yuni, 1981, ta tsige shi, ya zama gwamna na farko da aka tsige a Nijeriya.

Kada a ce wannan tsohon zance ne, domin Kano ta sake koya mana darasin. A 2019, majalisar da APC ke da rinjaye a cikinta ta yi dokar da ta ƙirƙiro masarautun Bichi da Rano da Gaya da Ƙaraye. A zaɓen Maris na 2023 rinjaye ya koma hannun NNPP, kuma ranar 23 ga Mayu, 2024, sabuwar majalisa ta soke wannan doka. Gwamna Abba Kabir Yusuf ya sa hannu, aka mayar da Muhammadu Sanusi II, wanda aka sauke a 2020, magana ta kai gaban kotu.

Ba mu zo nan don mu yanke wa kowa hukunci ba. Abin lura shi ne, majalisar da ke iya tsige gwamna, ta ƙirƙiri masarauta ko ta rushe ta, ita ce ke amincewa da kasafin kuɗin da albashin ma'aikata da tallafin karatunmu ke fitowa daga ciki. Wanda ya miƙa irin wannan iko ga mutumin da bai sani ba, ya sayar da gonarsa da dare.

Saboda haka, idan muka koma garuruwanmu hutu, mu bincika ko su wane ne 'yan takarar mazaɓunmu, mu tambaye su abin da suka taɓa yi wa jama'a, mu kuma wayar da kan iyayenmu da ƙannenmu. Hausawa sun ce, in kunne ya ji, jiki ya tsira.

Allah ya yi mana jagora. Wassalam.