Kewar Gida a Malesiya: Daga Tsire Zuwa Kalwa

Ga rubutaccen shirinmu na wannan makon, don waɗanda data ba ta bari suka saurara ba.

Yau hirar abinci za mu yi, amma ku tsaya ku ji inda za ta kai mu. Kun san matasanmu da malaman jami'o'inmu da yawa Malesiya suke tafiya ƙaro karatu, wasu Serdang, wasu Gombak, wasu Johor. Tambayi duk wanda ya je, zai gaya maka kewar tuwo da miyar kuka ta fi wahalar karatun cin rai. Ni ma na ɗanɗana. Shinkafa da safe, shinkafa da dare, ga sukari har cikin miya.

To amma in ka kwantar da hankali, sai ka ga gida a cikin kwanon mutane. Ka je Kajang, garin da ya yi suna da satay. Nama ne a tsinke, a gasa a garwashi, a ba ka da miyar gyaɗa da albasa. Malam, wannan ai ƙanin tsire ne! Mu ƙuli muke barbaɗawa, su kuma damawa suke yi. Curin shinkafar da suke haɗawa da shi kuwa, kamar an yanka tuwon shinkafa ne. Tahu ɗinsu awara ce. Tsamiya suna kiranta asam jawa, zogale kuma kelor. Da azumi, masallacin Kampung Baru a Kuala Lumpur yana raba faten shinkafa, bubur lambuk, kamar yadda ake rabon kunu a unguwanninmu.

Wanda ya fi ɗaure min kai shi ne petai, wani koren wake mai ƙarfin wari da suke soyawa da barkono. Ashe bishiyarsa da ɗorawarmu dangi ɗaya ne, masana na kiran dangin Parkia. Wato ɗan'uwan kalwa ne, wadda iyayenmu mata ke yin daddawa da ita. Su suna alfahari da warin nasu, har a manyan gidajen abinci. Mu kuwa yarinya ta ji daddawa a miya sai ta yatsine fuska, wai ƙauyanci ne, a miƙo magi.

Ga kuma manja. Asalin bishiyar kwakwar manja Afirka ta Yamma ne. A 1917 aka fara nomanta don kasuwanci a Selangor, yau Malesiya da Indonesiya su ke samar da mafi yawan manjan duniya. Abin namu ne, amma da ya samu masu kula, ya zama arzikin ƙasa.

To mu dawo gida. Daga Dutsin-Ma zuwa Kurfi, ɗorawa nawa ta rage a gonakin da ka sani tun kana yaro? Ana sarewa a yi gawayi, ba mai dasa wata, alhali sai ta yi shekaru kafin ta fara 'ya'ya. Ranar da kalwa ta ƙare, sana'ar tsofaffinmu ta tafi, ɗanɗanon miyarmu ya bi ta. Muna da dam ɗin Zobe, muna da jami'ar tarayya tun 2011 mai tsangayar aikin gona. Me zai hana ɗalibi ya yi binciken kammala karatunsa kan yadda za a busar da daddawa, a ƙulla ta da tsafta, ta kai Kuala Lumpur ba ta lalace ba? Masu saye suna can, kewa na cin su.

Kai mai shirin tafiya, ka ƙulla kukarka da yajinka, amma ka binciki dokar shiga da abinci ta ƙasar tukuna. In ka isa, kada ka kulle kanka a ɗaki kana dafa indomi. Shiga kasuwar dare, ka ɗanɗana, ka yi tambaya. Kai kuma da ke gida, daminar bana ka dasa ɗorawa ko guda ɗaya ce.

'Yan'uwa da ke waje, wane abinci ne ya taɓa tuna muku gida? Ku faɗa mana a ƙasa. Sai mako mai zuwa, in Allah ya kai mu.