Wakafin Kwamfuta ga Ɗalibanmu

Iyayen ƙasa, malamai, 'yan kasuwa da ƙannena ɗalibai na Furfuri da kewaye, na gode da kuka bar hidimominku kuka zo.

Maganata a kan yaron da muka tura ya karanta kimiyyar kwamfuta ce, alhali bai mallaki kwamfutar ba. Tun da aka kafa Jami'ar Tarayya ta Gusau a 2013, karatun jami'a ya matso kusa da gida. Ga kuma Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya da ke Ƙauran Namoda, ga makarantun Talatar Mafara. Uba ya sayar da buhunan masara ko waken suya ya biya kuɗin rajista, ya ɗauka ya sauke nauyi. Bai sani ba, da sauran aiki.

Ku leƙa ɗakin kwanan ɗalibai da dare. Za ku tarar da mutum huɗu sun kewaye laftof ɗaya, mai ita yana dannawa, sauran suna leƙe ta kafaɗarsa. Wani ya rubuta manhajarsa da biro a littafi, layi bayan layi, bai san ko za ta yi aiki ba sai ranar da aka ara masa na'ura na rabin awa. Wata kuma tana fama da waya mai fasasshen gilashi, wadda ta wuni a shagon mai caji. Wannan fanni da hannu ake koyonsa: ka rubuta, na'ura ta ƙi, ka nemo kuskuren, ka gyara. Mai koyon ɗinki ba keke, sai dai ya iya labarin ɗinki. Idan shekarar ƙarshe ta zo, wasu sai su biya a rubuta musu furojet, su fito da takarda ba sana'a.

Me ya sa abin ya gagari iyaye? Kwamfuta da dala ake shigo da ita. A farkon 2023 dala tana wajen naira 460 a farashin gwamnati, a 2024 ta haura 1,500. A Janairun 2025 hukumar sadarwa ta NCC ta amince a ƙara kuɗin kira da data da kashi 50 cikin ɗari. Mu a Zamfara muna da ƙarin namu: a Satumbar 2021 an datse layukan waya a jihar nan saboda 'yan bindiga, kuma har yau akwai gonakin da ba sa nomuwa. Manomin da bai shiga gonarsa ba, da me zai sayi laftof?

Gwamnatin tarayya ta buɗe rancen ɗalibai na NELFUND a watan Mayun 2024. Ba shi da kuɗin ruwa, yana biyan kuɗin makaranta, yana ba ɗalibi naira dubu 20 a wata. Duk wanda bai nema ba, ya nema. Amma ku yi lissafi da ni: ko ya tara na wata goma bai ci ba bai sha ba, dubu 200 ke nan, da ƙyar ta kai shi ga kwamfuta ta hannu mai lafiya.

Shawarata wakafi ce, kuma ba baƙon abu na kawo ba. Jiharmu na da Hukumar Zakka da Wakafi. Mun saba jin wakafi a kan masallaci da rijiya da fili, amma malamanmu na Malikiyya sun halatta wakafin abin da ake ɗauka, kamar littattafai da dabbar hawa, har sun halatta na ƙayyadadden lokaci. Ya zo a hadisi cewa Khalid ɗan Walid ya tsare sulkunansa da kayan yaƙinsa domin Allah. Malamai suna zaune a nan, su auna mana: idan littafi ya halatta, me zai hana na'urar da ake karatu da ita?

Ga yadda nake ganin za a yi. Kada a ba yaro kuɗi a hannu, don yunwa za ta cinye su, kuma ba laifinsa ba ne. A sayi kwamfutoci masu ƙwari da sunan garin, a ara wa ɗalibi da sa hannun mahaifinsa da mai unguwarsa, ya riƙe har ya gama, ya mayar a ba na bayansa. A ware wani abu don batir da caja, domin su ke fara mutuwa. A samu ɗaki ɗaya mai sola inda za su zauna lokacin hutu. 'Yan mata kuma a sa su a gaba, don namiji zai iya kai dare a ɗakin abokinsa yana jiran aro, mace ba za ta iya ba.

Ina roƙon kafin mu tashi a naɗa mutum biyar, har da malami da mace, su rubuto sunayen 'ya'yan Furfuri masu karatun kwamfuta da ajin da kowa yake. Da kaka, in amfani ya shigo gida, a fara da 'yan ajin ƙarshe.