Talaka Ma Yana da Lauya



Bara aka kama ƙanin wani abokina a Kawo, ɗan Keke Napep ne. Wata fasinja ce ta ce wayarta ta ɓace a kekensa. Daga caji ofis sai kotu, daga kotu sai gidan yari, wai jiran shari'a. Mahaifiyarsa ta sayar da keken ɗinkinta, kuɗin ko rabin na lauya bai kai ba. Wata bakwai yaron nan yana ciki.

Wallahi ni da digirina ban san akwai lauyan da gwamnati ke biya saboda irinsa ba, sai da wani maƙwabcinmu ya ce mu je Legal Aid.

Hukuma ce ta Gwamnatin Tarayya, tun 1976 aka kafa ta, aka sabunta dokarta a 2011, kuma tana da ofis a nan Kaduna. Aikinta ta ba da lauya kyauta ga wanda samunsa bai wuce mafi ƙarancin albashi ba, wato naira 70,000 da aka tsayar a 2024. Ku duba Rigasa, Badarawa, Hayin Banki, mu nawa ne muka wuce wannan?

Da lauyar da aka ba mu ta buɗe fayil, ashe mai ƙarar tun zaman farko ba ta ƙara zuwa kotu ba. Zama biyu aka yi, alƙali ya sallame shi. Wata bakwai fa, saboda babu mai tashi ya yi magana!

Ba zan ruɗe ku ba, lauyoyin nan ba su da yawa, shari'o'i sun yi musu katutu. Sai kun bibiya, kun yi naci. Kusan biyu cikin uku na mutanen da ke gidajen yarin Najeriya ba a yanke musu hukunci ba.

Don haka ka riƙe wannan. Sashe na 35 na Kundin Tsarin Mulkin 1999 ya ba ka damar yin shiru har sai ka ga lauya. Kar ka sa hannu a takardar da ba ka fahimta ba. Ku kuma 'yan'uwa, ranar da aka kama mutum ku nemi Legal Aid, kar ku jira sai an sayar da kayan ɗaki.

Ku tura wa wanda ɗan'uwansa ke tsare. Allah Ya kare mu da sharrin ƙazafi. Sai mun haɗu a shiri na gaba.