Jawabi a taron zagayowar ranar kafa ƙungiya: kayan da aka saya ta waya, in bai yi ba

Uwar ƙungiya, shugabanni, iyayena, yayyena da ƙannena, barkanmu da ganin wannan rana. Allah Ya maimaita mana.

An ce in yi magana kan sayayya ta waya, tunda yanzu da yawanmu in mun kwashi adashi ko mun karɓi rancen ƙungiya, a WhatsApp ko Instagram muke ganin kaya mu tura kuɗi. Kaya ya iso tasha, a kwance ƙunshi, a ga ba shi ba ne. Ki kira mai kaya ta ce miki, "Hajiya, ai mu ba ma karɓar kaya in ya fita."

To wannan maganar tata ce, ba doka ba ce. Akwai dokar kare haƙƙin mai saye ta 2018, wadda ta kafa hukumar FCCPC. Sashe na 122 ya ba ki damar mayar da kaya a ba ki kuɗinki cif a hali biyu. Ɗaya, kayan da ba ki samu dubawa ba kafin a kawo, ya zo ya saɓa da abin da aka siffanta miki. Ɗayan kuma, wanda na fi so mu riƙe: kin faɗa wa mai kaya aikin da za ki yi da shi, ya zo bai iya aikin ba.

Misali injin markaɗe. In kin ce kawai "nawa ne wannan?", aka kawo ɗan ƙarami na miyar gida, hujjarki ta yi rauni. Amma in kin rubuta, "na sana'a nake so, zan riƙa markaɗa waken ƙosai kwano uku kullum," ta amsa da cewa zai yi, to ta ɗaure kanta. Haka keken ɗinki, ki ce leshi mai kauri za ki ɗinka. A rubuce fa, ko saƙon murya. Kiran waya iska ce. Kuma ki ɗauki hoton tallar da hirar tun kafin ki biya, don sitatus awa 24 yake yi ya ɓace.

Kada ki bari kaya ya kwana biyu. Dokar cewa ta yi cikin lokacin da ya dace, manyan kantuna irin Jumia kuwa kwanaki ƙidayayyu suke bayarwa. Ki ɗauki bidiyo kina buɗewa, kada ki yar da kwali, kada ki kai atamfa wajen tela sannan ki ce ba ta yi ba. Ki rubuta mata da ladabi, ki faɗi ranar da kike son kuɗinki. Zagi a guruf yana huce zuciya, amma ba ya dawo da ko sisi. In ta ƙi, akwai shafin koke na FCCPC a intanet. Banki dai ba zai janyo kuɗin da kika tura da hannunki don kaya bai yi miki ba.

Sai dai mu yi adalci: in abin da kika zaɓa aka kawo, kawai kishiya ce ta riga ki sa irinsa, wannan roƙo ne, ba haƙƙi ba. Na ga ana dariya a baya.

Mu ma nan akwai masu sayar da turaren wuta da zannuwan gado ta waya, dokar nan ta hau kanmu. Ina roƙon uwar ƙungiya a zama na gaba mu tsayar da kwana nawa za mu riƙa ba mai saye, da wanda zai biya kuɗin mota in kaya ya dawo.