Muryar Mace a Gaban Maza: Abin da Shari'a ta Hana da Abin da Muka Ƙara

 

Kusan kowa a cikinmu ya tashi yana jin ana cewa muryar mace al'aura ce. Ana faɗa wa yarinya haka idan ta ɗaga murya a tsakar gida, ana faɗa wa matar aure idan ta amsa sallamar baƙo. Maganar ta zauna daram a kunnuwa har wasu na ɗauka hadisi ce, alhali babu hadisi ingantacce da ya zo da wannan lafazi. Matsayina a wannan takarda shi ne: shari'a ba ta hana mace magana ba, wani salon magana ta hana, kuma cakuɗa abubuwan nan biyu ya cutar da mata da yawa.

Asalin mas'alar yana aya ta 32 ta Suratul Ahzab. Allah ya hana matan Annabi (SAW) lanƙwasa murya, don kada mai cuta a zuciya ya yi kwaɗayi. Malaman tafsiri, irin su Ibn Kasir, sun ce hukuncin ya haɗa da sauran mata. Amma a ƙarshen wannan aya ɗin aka umarce su da faɗin magana ta alheri. Wanda aka umarta ya faɗi alheri ba a rufe masa baki ba. A aya ta 53 kuma aka ce wa sahabbai idan za su tambaye su wani abu su tambaya ta bayan labule, kuma ba a yin tambaya sai ana jiran amsa.

Aikin magabata ya fi kowane sharhi bayyana wannan. Khaula 'yar Sa'alaba ta je ta yi jayayya da Manzon Allah (SAW) a kan ziharin da mijinta Ausu ɗan Samit ya yi mata, sai aka saukar da farkon Suratul Mujadala, ba a zarge ta ba. Nana A'isha ta ruwaito hadisai 2,210, kuma da yawa daga masu karɓa a wurinta maza ne. Karima Al-Marwaziyya ta karantar da Sahihul Bukhari a Makka a ƙarni na 5 na Hijira, Khaɗibul Bagdadi kansa ya karanta littafin a gabanta. Da a ce sautin mace haram ne a ji shi, da wani babban yanki na Sunna bai iso mu ba.

Adalci ne mu faɗi cewa ɗaya ɓangaren ma yana da magabata. Alƙurɗubi, babban malamin Malikiyya, ya lissafa murya cikin al'aurar mace a tafsirinsa. Masu wannan fahimta suna kafa hujja da cewa mace ba ta kiran salla, ba ta ɗaga murya da talbiyya, kuma idan liman ya yi mantuwa tafi take yi, maza su yi tasbihi. To amma waɗannan hukunce-hukuncen ibada ne, kuma shi kansa Alƙurɗubi ya togace wurin buƙata, kamar shaida da rashin lafiya da tambaya. Malaman Malikiyya na baya, irin su Al-Adawi, sun rinjayar da cewa muryar ba al'aura ba ce matuƙar babu abin da zai jawo haramci. Haka Imam Nawawi ya inganta a wajen Shafi'iyya.

Ƙasar nan tamu ma ta taɓa yin wannan muhawara. Lokacin da Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ya isa Daura yana yawon wa'azi, wani malami, Mustafa Gwani, ya soke shi saboda mata na halartar majalisinsa. Shehu ya sa ƙaninsa Abdullahi ya ba da amsa, kamar yadda Abdullahin ya kawo a Tazyinul Waraƙat. Taƙaicen amsar shi ne barin mata cikin jahilci ya fi muni. A Nurul Albab kuma Shehu ya yi kakkausar suka ga malaman da ke karantar da almajirai su bar matansu da 'ya'yansu mata ba su san ko hukuncin tsarki ba. Daga wannan gida Nana Asma'u ta fito, ta kafa 'Yan Taru, jajojinta suna bin ƙauyuka suna karantar da mata da baki. Ina mamakin yadda jikokin wannan tarihi za su koma suna ganin shirun mace shi ne cikar addininta.

Abin da ya fi damuna shi ne ɓarnar da wannan fahimta ke yi a ɓoye. Mace na gaban likita, ciwo na cin ta, amma miji ne ke bayani, shi kuma bai san rabin abin da take ji ba. Wata na gaban alƙali a kan gadonta, ta sunkuyar da kai, wani ya yi magana a madadinta, haƙƙi ya tafi. Wata ta shekara tana salla cikin kuskuren hukuncin jini don tana jin nauyin tambayar malam. Alhali Nana A'isha ta yabi matan Ansar ne saboda kunya ba ta hana su neman fahimtar addini ba. Kuma a aure, shari'a ta karɓi shirun budurwa a matsayin yarda, amma bazawara sai ta furta da bakinta.

Wannan ba lasisi ba ne. Haramcin da ayar ta kawo yana nan, kuma a yau wayar hannu ta buɗe masa ƙofa. Saƙon murya a WhatsApp da tsakar dare, da kashe murya da yauƙi ga wanda ba muharrami ba, da kwarkwasar da ake yi a TikTok don tara masu kallo, su ne ainihin abin da aka hana. Hijabi har ƙasa ba ya wanke su. Kuma kada maza su zame: cutar da ayar ta ambata a zuciyar mai sauraro take. Namijin da ke tsawaita hira da matar wani don jin daɗin muryarta yana ɗaukar zunubi, ko da ita da kamun kai take magana.

Saura wurin da saɓani yake da ƙarfi, wato karatun Alƙur'ani da rerawa a gaban maza. Musabaƙar ƙasa da Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo ta soma a 1986 tana da ɓangaren mata, wasu malamai sun yarda, wasu suna ƙyama saboda ƙawata sautin. Ni ina tare da masu halattawa idan manufar koyo ce da gwajin hadda, amma ba na ganin mai tsantseni ya yi laifi.

Roƙona ga malaman Islamiyya da masu wa'azi a rediyo shi ne su riƙa karantar da ayar Ahzab cikakkiya, hanin da umarnin tare, kuma a kowane majalisin karatu a ware wa mata lokacin tambaya da bakinsu, ba sai ta takarda kaɗai ba.