Jawabin Buɗe Ɗakin Tunawa da Samarinmu da Suka Kwanta Dama a Yaƙin Bama



 

A al'adarmu, wanda ya rasu da safe, kafin azahar an kai shi makwancinsa, dangi kuma sun san inda yake kwance. Samarin da muka taru dominsu yau ba su sami wannan gata ba. A lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, wanda kakanninmu ke kira yaƙin Hitila, aka kwashe su daga garuruwanmu. Tun daga 1943 jiragen ruwa suka riƙa kai su Indiya, daga can sai dazukan Bama. Runduna ta 81 ta Afirka ta Yamma ta gwabza da sojojin Japan a kwarin Kaladan a 1944, ta 82 ta biyo sahunta, suka haɗu suka ƙwace Myohaung a Janairun 1945. Da yawansu can ƙasa ta rufe musu ido. A maƙabartar Taukkyan, kusa da Yangon, an sassaƙa sunayen mutum kusan 27,000 da ba a san kabarinsu ba, har da namu a ciki.

Abin da ya dawo gida shi ne za ku gani a ɗakin nan. Ga bajen kafaɗa mai hoton baƙin gizo-gizo, tambarin runduna ta 81. Ga na ta 82, mashi biyu gicciye a kan gammo, domin a dajin da mota ba ta shiga, a ka samarin nan suka yi dakon harsasai da abinci. Ga laya da wata uwa ta sa aka ɗinka wa ɗanta, fatar ta yi baƙi ƙirin saboda zufa. Abokin tafiyarsa ne ya maido mata ita. Ga wasiƙa da ajami, mai ita yana tambayar ko damina ta yi kyau, yana roƙon kada a ba kowa gonarsa. Iyalan da ba su ga gawa ba, waɗannan kaya suka rungume suka yi makoki.

Sunayen wuraren da aka fafata suna nan daram a ƙofar barikokinmu: Dalet da Kalapanzin a Kaduna, Dodan a Legas. Sunayen yaran su kansu ne ke neman salwanta. Saboda haka ina roƙon duk gidan da ke da hoto, ko lambar yabo, ko takardar soja a ƙasan adaka, ya fito da ita. A rubuta sunan mai ita, da na mahaifinsa, da garinsu, tun tsofaffin da suka san labarin suna raye.

Muna godiya ga iyalan da suka ba mu amanar kayansu. Allah ya jiƙan waɗanda suka rigaye mu, ya ba ƙasarmu zaman lafiya.

Da sunan Allah, da izinin Mai Martaba Sarki, na buɗe wannan ɗaki.